Daga lambar tagulla zuwa damben kuɗi: Abin da tafiyar Vijender Singh ta bayyana game da wasanni a Indiya

A ƙarshen watan Yunin 2015, Vijender Singh, ɗan damben da ya fara ciyo wa Indiya lambar yabo ta boksin a gasar Olamfik, ya sanar a birnin Landan cewa ya rattaba hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Queensberry Promotions na Frank Warren. Ma'anar wannan sa hannu ita ce ya daina damben wakiltar ƙasa, ya koma damben ƙwararru inda ake biyan mutum a kan kowace karawa. Saura shekara ɗaya a yi gasar Olamfik ta Rio, kuma shi ne ɗan damben Indiya da aka fi sa wa rai. Wasu sun ce ya juya wa ƙasarsa baya, wasu kuma suka ce ya buɗe wata ƙofa da babu fitaccen ɗan wasan Indiya da ya taɓa bi ta cikinta.

Zuwa watan Agustan 2022 ya yi karawa 14 a matsayin ƙwararre, ya ci 13, an doke shi sau ɗaya. Ga mai duba alƙaluma kaɗai, wannan gagarumar nasara ce. Sai dai bai taɓa tsayawa neman kambun duniya ba ko sau ɗaya, alhali wasu daga cikin waɗanda ya doke a Olamfik sun riƙe irin waɗannan kambuna. Dalilin hakan yana cikin bambancin da ke tsakanin tsare-tsaren dambe guda biyu, da lokacin da ya yi ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya, da kuma halin da hukumar damben ƙasarsa ta shiga.

Dambe don neman aikin gwamnati

An haifi Vijender Singh Beniwal ranar 29 ga Oktoban 1985 a ƙauyen Kaluwas, kusa da garin Bhiwani a jihar Haryana da ke arewacin Indiya. Mahaifinsa direban bas ne a kamfanin sufuri na jihar. Yayansa Manoj ne ya fara dambe, kuma ta wannan hanya ya samu shiga aikin soja. Vijender bai taɓa ɓoye cewa abin da ya fara jan shi zuwa fage ke nan ba: ya ga dambe ya sama wa yayansa albashi.

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin wasanni a Indiya. Rundunar soja, hukumar jiragen ƙasa, 'yan sanda da kamfanonin gwamnati suna keɓe guraben aiki ga 'yan wasan da suka yi fice. Ga ɗan talaka a karkarar Haryana, inda gonakin gado ke ƙara tsukewa saboda rabo, lambar yabo a gasar ƙasa tana iya zama takardar ɗaukar aiki. Bhiwani ta zama cibiyar wannan fata tun zamanin Hawa Singh, wanda ya ci zinare a gasar wasannin Asiya a 1966 da 1970, kuma ya dasa harsashin koyar da dambe a garin. Bayansa koci Jagdish Singh ya ɗora, har aka riƙa yi wa Bhiwani laƙabi da ƙaramar Kyuba. A hannun Jagdish Singh ne Vijender ya taso.

Ya je Olamfik ta Athens a 2004 yana ɗan shekara 18, aka fitar da shi a karawar farko. A 2006 ya ci azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila a Melbourne, da tagulla a gasar Asiya a Doha. Sai Beijing a 2008, a ajin kilo 75. Ya doke Badou Jack mai wakiltar Gambiya, ya doke ɗan Thailand, sannan ya doke Carlos Góngora na Ecuador, ya kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan Emilio Correa na Kyuba ya tsayar da shi. Da yake a boksin duk wanda ya faɗi a wannan mataki yana samun tagulla, Indiya ta samu lambarta ta farko a wannan wasa. Lambobi uku kacal ƙasar mai mutum fiye da biliyan ɗaya ta samu a Beijing, don haka darajar tasa ta wuce ta tagulla.

Sakayya ta biyo baya. Gwamnatin Haryana ta ba shi muƙamin mataimakin sufuritandan 'yan sanda. A 2009 ya ci tagulla a gasar duniya a Milan, ya hau matsayi na ɗaya a duniya a ajinsa, aka kuma ba shi Khel Ratna, lambar girmamawa mafi girma ta wasanni a Indiya. A 2010 aka ba shi lambar Padma Shri. A wannan shekarar ya sha kaye mai cike da taƙaddama a gida, a gasar ƙasashe renon Ingila ta Delhi, a hannun Anthony Ogogo, ɗan Ingila wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, bayan alƙalin wasa ya ba Ogogo makin ladabtarwa. Makonni kaɗan bayan haka ya huce haushi a Guangzhou, inda ya lallasa Abbos Atoev na Uzbekistan da ci 7 da nema, ya ɗauki zinaren gasar Asiya.

Me ya sa ya bar tsarin da ya ɗaukaka shi?

Dalili na farko shi ne ya riga ya kai ƙololuwar abin da tsarin zai iya ba shi. A Olamfik ta Landan a 2012 Atoev ya rama, ya fitar da shi a matakin daf da na kusa da na ƙarshe. A 2013 sunansa ya fito a binciken da 'yan sandan jihar Punjab ke yi kan fataucin hodar iblis. Ya musanta zargin shan ƙwaya, gwajin hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta ƙasar kuma bai nuna komai a jikinsa ba, amma sunansa ya sha ja a kafafen yaɗa labarai. A 2014 ya ci azurfa a Glasgow bayan Antony Fowler na Ingila ya doke shi a wasan ƙarshe. Ya je Olamfik sau uku, shekarunsa sun doshi 30.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne wanda masu zarginsa da rashin kishi suka fi kauce wa. A watan Disamban 2012, hukumar damben duniya ta AIBA ta dakatar da hukumar damben Indiya bisa zargin maguɗi a zaɓen shugabanninta. Rikicin ya ɗauki kusan shekara huɗu. 'Yan damben Indiya sun je wasu gasanni a ƙarƙashin tutar AIBA maimakon tutar ƙasarsu. Gasar ƙasa ta daina gudana a kan kari, gayyatar zuwa atisaye a ƙasashen waje ta ragu. An kafa wata sabuwar hukuma a 2014, ita ma ta wargaje, aka koma hannun kwamitin riƙo. Sai a Satumban 2016 aka zaɓi hukumar da ke nan a yanzu.

Ana iya ganin illar wannan a alƙaluma. 'Yan dambe takwas Indiya ta kai Landan a 2012, har Mary Kom ta ciyo tagulla. Uku kaɗai ta kai Rio a 2016, kuma babu wanda ya dawo da lamba. Lokacin da Vijender ya sa hannu a Landan, gidan da ake cewa ya gudu ya bari ba shi da mai gida. Jami'an da suka yi ta rigimar kujera babu wanda ya ce sun ci amanar ƙasa. Ɗan wasan da ya nemi mafita ne ya sha wannan suka.

Har ila yau, batun aikinsa na ɗan sanda ya taso. An yi ta muhawara, har ta kai gaban kotu, a kan ko ya halatta ma'aikacin gwamnati ya ƙulla yarjejeniyar neman kuɗi da kamfanin ƙasar waje. Daga bisani gwamnatin jihar ta ba shi izini. Wannan taƙaddama ta tona asirin yadda tsarin yake: muƙamin da aka bayar a matsayin tukwici yana iya zama igiya a ƙafar wanda aka bai wa.

Wasanni biyu masu suna ɗaya

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa barin damben Olamfik zuwa na ƙwararru kamar ƙarin girma ne daga aji zuwa aji. A zahiri wasanni biyu ne daban, a fage da wajen fage.

A damben wakiltar ƙasa, karawa gajeriya ce. A Beijing turmi huɗu ake yi na minti bibbiyu, daga baya aka koma turmi uku na minti uku-uku. A zamanin Vijender ana sa hular kariya, alƙalai kuma suna danna na'ura duk lokacin da naushi ya sauka a inda ya dace. Wanda ya iya taɓawa ya kauce, ya tara maki cikin sauri, shi ke nasara. Ɗan wasa ba ya zaɓen abokin karawa: ƙuri'a ce ke haɗa su, kuma yana iya fafatawa sau huɗu ko biyar cikin mako biyu da gwanayen duniya.

A damben ƙwararru babu hula, babu riga, kuma naɗin hannu da safar da ake sawa sun fi bari naushi ya yi illa. Ana farawa da turmi huɗu, a hau shida, takwas, goma, har zuwa 12 a karawar kambun duniya. Ana ba da maki turmi-turmi, ana duba wanda ya fi cutar da abokin karawarsa da wanda ya mallaki fage. Dole ɗan dambe ya koyi tattalin numfashi, da dukan ciki, da kafa ƙafa domin naushi ya yi nauyi. Wannan ne aikin da koci Lee Beard ya yi a kan Vijender a Manchester.

Bambancin da ya fi girma yana wajen fage. A tsarin farko gwamnati ce ke ciyarwa, ta biya koci, ta sayi tikitin jirgi, ta ba da aiki. A na biyu ɗan dambe ɗan kasuwa ne mai zaman kansa. Mai shirya dambe ne ke haɗa karawa, ya sayar da tikiti da haƙƙin nunawa a talabijin, ya biya 'yan wasa. Daga kuɗin da ɗan dambe ya samu ne manaja zai cire kasonsa, koci ya cire nasa, a biya abokan atisaye da kuɗin sansani. In babu karawa, babu kuɗi. Kuma babu hukuma guda da ke tilasta wa gwani ya kara da gwani. Manyan hukumomi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da zakaranta a kowane aji, kowace da ƙananan kambunan yanki da take karɓar kuɗi kafin ta amince a yi takara a kansu.

Yadda ake gina tarihin nasara

Vijender ya fara ranar 10 ga Oktoban 2015 a Manchester Arena, inda alƙalin wasa ya tsayar da karawarsa da Sonny Whiting a turmi na uku. Karawa biyar da suka biyo baya, a Dublin da wasu biranen Ingila, duk ya gama su kafin lokaci ya cika. Abokan karawar ba fitattu ba ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Haka ake rainon duk wanda ya fito daga Olamfik: a haɗa shi da waɗanda zai iya dokewa, ya saba da sabon salo, a tara masa nasarori da za a tallata.

Ranar 16 ga Yulin 2016 aka kawo shi gida. A filin Thyagaraj da ke Delhi ya doke Kerry Hope, tsohon zakaran Turai, da maki bayan turmi goma, ya ɗauki kambun WBO na yankin Asiya da Pasifik a ajin kilo 76. Manyan 'yan siyasa da taurarin fim sun cika wurin. A Disamba ya kare kambun a hannun Francis Cheka na Tanzaniya cikin turmi uku. A Agustan 2017, a Mumbai, ya sha da ƙyar a hannun Zulpikar Maimaitiali na Chaina, ya ƙara kambu na biyu. An yi wannan karawa ne a daidai lokacin da sojojin Indiya da na Chaina ke zaman doya da manja a yankin Doklam, kuma bayan nasarar Vijender ya ce a shirye yake ya mayar da kambun in hakan zai taimaka wa zaman lafiya a kan iyaka.

Ya kamata a fahimci matsayin waɗannan kambuna. Kambun yanki tsani ne: amfaninsa shi ne ya shigar da mai shi cikin jerin 15 na farko na hukumar, waɗanda daga cikinsu ne zakaran duniya kan zaɓi mai ƙalubalantarsa. Vijender ya shiga wannan jeri. Abin da ya rage shi ne ya kara da wani na cikin jerin, ya nuna cewa ya cancanci matsayin. Wannan karawa ba ta taɓa faruwa ba.

Maimakon haka sai tafiyar ta yi sanyi. Ya rabu da Queensberry a 2017. Ya doke Ernest Amuzu na Ghana a Jaipur a ƙarshen shekarar, sannan 2018 ta wuce bai shiga fage ba. A ƙarshenta ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Top Rank na Bob Arum a Amurka, ya yi nasara a kan Mike Snider a Newark a Yulin 2019, sannan ya doke Charles Adamu na Ghana a Dubai a watan Nuwamba. Adamu tsohon zakaran ƙasashe renon Ingila ne, amma a lokacin ya haura shekara 40. Annobar korona ta cinye 2020. A Maris 2021, a saman wani jirgin ruwa na gidan caca a Goa, wani dogon ɗan Rasha mai suna Artysh Lopsan, wanda ba a san shi sosai ba, ya kai shi ƙasa fiye da sau ɗaya, aka tsayar da karawar a turmi na biyar. Ya dawo a Agustan 2022 ya doke Eliasu Sulley, shi ma ɗan Ghana, a Raipur.

Lissafin a bayyane yake. Karawa takwas ya yi a cikin wata 15 na farko. Shida kacal ya yi a cikin kusan shekara shida da suka biyo baya. Uku daga cikin abokan karawarsa biyar na ƙarshe 'yan Ghana ne, abin da ke nuna wata fuska ta wannan kasuwa: ƙasashen da ke da gogaggun 'yan dambe amma ba su da kuɗin shirya manyan karawa su ne ke samar da waɗanda ake gayyata domin tauraron gida ya haskaka.

Waɗanda suka tafi da wuri

Kwatanta shi da tsaransa na Beijing yana fito da muhimmancin lokaci. James DeGale na Birtaniya, wanda ya ci zinare a ajin Vijender, ya koma damben ƙwararru nan da nan a hannun Frank Warren ɗin nan, ya zama zakaran duniya na IBF a Mayun 2015. Badou Jack, wanda Vijender ya fitar a karawar farko, ya koma a 2009, ya ɗauki kambun WBC a Afrilun 2015, daga baya ya riƙe kambuna a ajin nauyi uku. Wato watanni kaɗan kafin Vijender ya sa hannu a takardarsa ta farko, mutanen da suka tsaya tare da shi a Beijing sun riga sun mallaki biyu daga cikin manyan kambunan ajin da zai shiga.

Ba ƙwarewa ce kaɗai ta raba su ba. DeGale da Jack sun shafe shekara shida suna koyon sana'ar a lokacin da jikinsu ke kan ganiyarsa, a ƙasashen da ke da gidajen talabijin masu sayen dambe, da wuraren atisaye cike da ƙwararru. Vijender ya shafe waɗannan shekaru a sansanin ƙasa, domin a Indiya ta 2008 barin tsarin gwamnati yana nufin barin albashi, muƙami da girmamawa, a tafi inda babu tabbas. Tsarin da ya fitar da shi daga ƙauye shi ne ya riƙe shi har lokaci ya ƙure.

Da ya koma gida neman kasuwa kuma, sai ya tarar babu ita. A Indiya wasan kurket ne ke kwashe mafi yawan kuɗin talla da na talabijin. Mutane sun zo kallon Vijender saboda sunansa, amma tauraro ɗaya ba ya zama masana'anta. Babu jerin 'yan dambe na gida da za su cika fage kowane wata, babu masu kallon da suka saba biyan kuɗi domin karawa guda. Vikas Krishan, wanda ya gaje shi a ajin kilo 75, ya bi sahunsa zuwa Top Rank, ya ci karawa biyu a 2019, sannan ya dawo damben ƙasa domin Olamfik ta Tokyo.

Wani abin lura shi ne, a watan Yunin 2016 AIBA ta sauya doka ta bai wa ƙwararru damar shiga Olamfik. Uku ne suka samu gurbi a Rio, cikinsu har da Hassan N'Dam na Kamaru, kuma babu wanda ya kai ga lamba. Katangar da aka ce Vijender ya tsallaka ba dawowa ta rushe shekara ɗaya bayan tafiyarsa, amma shi bai koma ba. Ita kanta AIBA, wadda ta hukunta Indiya saboda rashin tsabtar shugabanci, kwamitin Olamfik na duniya ya dakatar da ita a 2019 kan matsalolin kuɗi da alƙalanci, ya kuma janye amincewa da ita gaba ɗaya a 2023.

Daga fage zuwa rumfar zaɓe

A ƙasar da gwamnati ce ke raba wa 'yan wasa aiki da lambobin girma, hanyar da ke tsakanin wasa da siyasa gajeriya ce. A zaɓen 2019 jam'iyyar Congress ta tsayar da Vijender takarar majalisar dokokin ƙasa a mazaɓar Delhi ta Kudu, ya zo na uku. A Disamban 2020 ya je wurin manoman da suka yi sansani a kan iyakar Delhi suna adawa da sabbin dokokin noma, ya yi barazanar mayar da lambarsa ta Khel Ratna. A 2023 ya goyi bayan 'yan kokawa mata da suka zargi shugaban hukumarsu, wanda a lokacin ɗan majalisa ne na jam'iyyar BJP mai mulki, da cin zarafi. Sai ga shi a watan Afrilun 2024, ana daf da babban zaɓe, ya koma BJP ɗin. Magoya bayansa da dama sun yi mamaki, amma jam'iyyun biyu abu ɗaya suke nema a wurinsa: sunan da ke da nauyi a tsakanin al'ummar Jat ta Haryana da maƙwabtanta.

Lambobin boksin uku Indiya ta taɓa ci a Olamfik, duka tagulla: ta Vijender a 2008, ta Mary Kom a 2012, da ta Lovlina Borgohain a Tokyo. Dukansu 'ya'yan karkara ne da suka taso ta hannun cibiyoyin gwamnati. Wannan ya nuna cewa tsarin yana iya gano hazaƙa ya raine ta. Abin da bai tanada ba shi ne mafita ga ɗan wasan da ya kai ƙarshen abin da lambobi za su ba shi, ko kariya gare shi a ranar da shugabannin hukumarsa suka kama faɗa da juna. Matasan da ke cika wuraren atisaye a Bhiwani a yau suna fuskantar zaɓin da Vijender ya fuskanta: su tsaya inda albashi yake har ƙarfinsu ya fara raguwa, ko su fita da wuri zuwa kasuwar da har yanzu ba ta kafu a ƙasarsu ba.